Abu Ɗaya da Ɗantsoho Ya Taɓa Yarwa

A kasuwar hatsi ta Gadarif, a ƙasar Sudan, in ka ce kana neman Abdurrahim, sai a tambaye ka wanne a ciki. In ka ce Ɗantsoho mai ɗinkin buhu, ko jakin amalanke ya san inda zai sauke ka. Shekara talatin da ɗoriya yana tsugune a bakin rumfa ɗaya, basilla a hannu, dunƙulen igiya a cinya, yana ɗinke bakin buhunan dawa da na riɗi. Buhun da ya ɗinke, ko daga saman babbar mota ya faɗo, sai dai ya fashe ta gindi.

A Mafaza aka haife shi, lokacin da mahaifinsa ya riga ya yi furfura, shi ya sa sunan ya bi shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za shi Makka, ya tsaya a bakin kogin Rahad ya yi noman shekara ɗaya don ya ƙara guzuri, kuma shekarar nan ba ta ƙare ba har yau. Da ƙuruciya Ɗantsoho ya yi yankan riɗi a manyan gonaki, kuma can ya ɗauko halinsa. Riɗi in ya bushe ka yi masa garaje, sai ya zube maka a ƙasa, ka dawo gida da kara. Tun daga nan bai ƙara yarda wani abu ya faɗi ya bar shi ba. Guntun igiya, lanƙwasasshiyar ƙusa, silifa ƙafa ɗaya, murfin butar da babu butar, duk suna da buhunsu a gidansa. Mutane suna cewa rowa, shi yana cewa tattali, kuma ba a taɓa shiryawa a kan wannan ba.

Maƙiyinsa ɗaya ne a duniya, mitar lantarki da aka kafa masa a bango, irin wadda sai ka saya mata wuta kafin ta ba ka. Duk safiya kafin ya fita sai ya tsaya gabanta ya harare ta, ita kuma ta ci gaba da cin abinta ba kunya.

Wata rana Elfatih, mai shagon kayan wuta, ya kira shi ya nuna masa sabon ƙwan lantarki, abin da a can ake kira lamba. Fari ne, a murɗe kamar hanjin kaza. In an kunna shi sai ya fara da haske dishi-dishi, kamar mai tashi daga barci, can ya wartsake ya cika ɗaki.

"Taɓa shi, ya ammi," in ji Elfatih, wato baffa da Larabcin garin.

Ɗantsoho ya miƙa yatsa a tsorace, ya ji ɗan ɗumin da bai taka kara ya karya ba.

"Ka ji? Zafin nan da tsohuwar lamba take yi, ba komai ba ne sai wutarka tana ƙonewa a banza. Wannan kashi ɗaya cikin biyar take ci."

Maganar nan ta shige shi fiye da yadda Elfatih ya yi nufi. Daga ranar ya zama mai wa'azin sabon ƙwai. A gindin bishiyar da Hajo take dafa gahawa, inda dattawan unguwa suke zama, ba ya barin kofin kowa ya huce bai ji falalar lamba mai murɗe ba. Ya bi gidajen maƙwabta da kujera a kafaɗa, ya hau ya canza musu da hannunsa, kyauta. Cikin shekara guda unguwar ta koma fara fat, ban da gidan Hamad tela, abokin wasansa, wanda ya ce shi hasken nan yana mayar masa da fuskar mutane kamar ta marasa lafiya.

A gidansa kuwa bai iya cire ƙwai mai rai ba. Ya jira suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya maye gurbinsu, ya adana gawarwakin a buhu. Saura ɗaya tal, kuma wannan ba nasa ba ne. Na matarsa Sakinatu ne, ƙato mai cin wuta, a rataye cikin wani babban kwali a bukkar kaji, yana ci dare da rana.

Sakinatu ta fi shekara ashirin tana kiwon kaji, kuma a daminar nan ta sayo 'yan tsaki talatin da shida, 'yan kwana uku, ba uwa. Ba na sayarwa ba ne. 'Yarsu Amal tana da cikin fari, bayan wata uku za ta zo gida haihuwa, kuma Sakinatu ta ƙudura cewa 'yarta za ta sha romon kaza tun daga ranar suna har ta yi arba'in, kada dangin miji su ce an dawo musu da ita a rame.

"Me 'yan tsaki za su yi da haske haka?" Ɗantsoho ya tambaye ta. "Karatu suke yi?"

"Ɗumi suke so, Abu Amal."

"A Gadarif? Garin da rana take dafa wa mutum ƙwaƙwalwa?"

"Damina ce. Kai dai kada ka taɓa."

Da zancen ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma damina lokaci ce da kasuwar hatsi take yin sanyi, buhu ya yi wuya, hannun da ya saba aiki ya shiga neman abin taɓawa. Ga kuma Hamad, wanda matarsa ta ba shi labarin kwalin.

"Ya jama'a," ya ce wata safiya a wurin Hajo, "ku tambayi shehin lamba me ke ci a bukkar kajinsa. Mu ya hana mu, kaji ya bar musu."

Aka fashe da dariya, har Hajo ta kusa ɓarar da jabana, tukunyar gahawarta. Ɗantsoho ya yi murmushi, amma abin ya ci masa rai ƙwarai, ya kwana uku yana juya shi.

A rana ta huɗu aka aiko daga Mafaza cewa ƙanwar Sakinatu ba ta da lafiya. Ta ɗaure kayanta, ta nuna masa tsaki da ruwa, ta nuna masa ƙwan da ke cikin kwali, ta kalle shi irin kallon da ba ya buƙatar magana, ta tafi. Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya kwance tsohon ƙwan da tsumma, ya murɗa sabo. Kwalin ya yi haske tar, 'yan tsakin suka ɗaga kai suna kallo. Ya ce a ransa, ai ko su sun san an yi musu gata.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki tsohon ƙwan ya kai wurin Hajo, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya taka har bakin kwarin da ruwan damina yake bi, ya wurga shi. Dattawa suka yi salati, domin babu wanda ya taɓa ganin Ɗantsoho ya yar da ko tsinken sakace.

Da la'asar hadari ya taso daga gabas. Aka kwana ana ruwa, aka tashi ana yayyafi da iska mai sanyi, baƙar ƙasar nan ta garin ta zama taɓo mai cire wa mutum takalmi. Da Ɗantsoho ya leƙa kwalin bayan sallar asuba, sai ya tarar da 'yan tsakin sun dunƙule a kusurwa ɗaya, wani kan wani, suna kuka. Biyu na ƙasa sun riga sun sandare. Sabon ƙwan yana sama yana ta haskensa, ko a jikinsa.

Ba Sakinatu kaɗai ya tuna ba, Amal ya tuna, 'yarsa tilo, da romon da aka ƙudura mata. Ya hura gawayi a kasko ya kai bukkar, gawayin ya sha danshi sai hayaƙi yake yi, 'yan tsakin suka fara atishawa, wani tartsatsi kuma ya yi tsalle ya nufi jinka. Ya fitar da kaskon da gudu. Ya zazzage buhun gawarwakin ƙwayaye ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa wani ya farfaɗo, babu wanda ya motsa.

Ya lulluɓe kwalin da bargo, ya tattare jallabiya, ya shiga taɓo.

"Tsohuwar lamba?" in ji Elfatih. "Wallahi ma fi, babu ita. Wata shida ban kawo ba. Kai ka kashe mata kasuwa, ya ammi."

Ya bi unguwa gida gida. Duk ƙofar da ya buga, sai mai gidan ya nuna masa ƙwai mai murɗe, ya yi masa godiya, ya sa masa albarka. Bai taɓa jin albarka ta yi masa ɗaci kamar ranar ba. Da ya tambayi inda tsoffin suke, kowa sai ya ce a tambayi mata, shi kuma kunya ta hana shi.

Saura ƙofa ɗaya. Ya tsaya gaban shagon Hamad ya daɗe yana share taɓon ƙafarsa kafin ya yi sallama. Hamad ya taso da fara'a ya rungume shi.

"Mabruk, ya zol, barka mutumina! Ka ci nasara. Jiya da na ga ka yar da naka, na ce khalas, shi ke nan, in dai Ɗantsoho ya yar da abu, to abin nan ba shi da sauran amfani a duniya." Ya nuna sama, ga sabon ƙwai yana haska keken ɗinki.

"Tsohon fa?" in ji Ɗantsoho.

"Na ba uwargida, ban san inda ta kai shi ba. Lafiya?"

"Lafiya lau," ya ce, ya juya.

Da ya dawo gida na uku ya bi biyun farko. Ya tsuguna yana kallon sauran, ya ɗauki ɗaya a tafin hannu, sai ya ji ya lafe, ya daina kuka. Ya ɗauki wani, shi ma haka. Ɗantsoho ya waiga ko wani yana ganinsa. Ya ɗaure ƙugunsa da igiyar ɗinki tamau, ya buɗe wuyan jallabiya, ya rinƙa zura su ciki ɗaya bayan ɗaya, talatin da uku. Ya jawo wani tsohon gwangwanin man girki da ke kusurwar bukkar ya zauna a kai, ya yafa bargo, ya ƙame.

Haka ya wuni, ya kwana, ya sake wuni. In lokacin salla ya yi sai ya juye su a kwali, ya canza riga, ya yi salla da sauri, ya dawo ya mayar da su. Sun tsattsage masa ciki, sun yi masa abin da 'yan tsaki suke yi, ya daure. Dattawa suka aiko a ji dalilin da bai zo shan gahawa ba, ya ce a gaya musu mura ce.

A haka Sakinatu ta same shi, ƙanwarta ta sami sauƙi ta dawo da wuri. Ta tsaya a bakin bukkar da jakarta. Ta kalli farin ƙwan, ta kalli mijinta da cikinsa yake motsi yana tsiwa, ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Nawa suka rage?"

"Talatin da uku," ya ce, kansa a ƙasa. "Ummu Amal, na zaga garin nan kaf. Babu ko ɗaya."

"Tashi."

Ya tashi a hankali yana tallafe da ciki. Ta buɗe gwangwanin da ya kwana biyu a kai. Ga su nan a jere, kowanne a naɗe da tsumma, tsoffin ƙwayaye masu rai, sun fi ashirin.

"Duk gidan da ka je ka yi wa'azi, matar gidan ta kawo mini nata," ta ce. "Na matar Hamad ma na nan tafe."

Ta kwance sabon ta miƙa masa, ta murɗa tsoho. Jan haske ya cika kwalin. Suka rinƙa ciro 'yan tsakin daga rigarsa, suna ajiye su, suna bazuwa ƙarƙashin ɗumin suna miƙe fukafukai. Ɗantsoho ya tsaya da farin ƙwai a hannu, ƙwalla ta taru masa, bai san ko ta kunya ce ko ta farin ciki ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da duka ka kai kwari." Ta cire masa wani ɗan gashin tsako daga gemu. "Shekara talatin da huɗu ina zaune da kai, Abu Amal. Wa kake tsammani ya koya mini kada in yar da abu?"