Abdulganiyyu Ya Je Neman Kakansa

Duk wanda ya taɓa kai riɗi kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan ya san Abdulganiyyu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dillalin nan mai farar jallabiyya da rawanin da ya fi ƙarfin kansa, wanda yake yamutsa fuska tun kafin ya tsoma hannu cikin buhu. Ubansa Ɗantsoho manomin dawa ne a Hawata. Kakansa kuwa yana cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka tsaya bakin kogin Rahad don su ɗan huta, hutun da har yau bai ƙare ba. Kowa a kasuwa ya san haka. Abdulganiyyu ne kaɗai labarin bai iso masa ba.

Tun yana saurayi, da ya shigo Gadarif, ya jingine Hausa. Idan leburan gonakin Basunda suka ce masa sannu da aiki, sai ya amsa da Larabci yana kallon wani wajen. Yakan ce mutanensa daga Hijaz suke, kuma da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, tunda can suka nufa. A allon shagonsa ya sa aka rubuta Abdulgani Wad Ash-Shaikh, wato ya fassara ubansa zuwa Larabci ya rataye shi a ƙofa. A gida ya kafa wa matarsa Ummusalama doka, kada ta kuskura ta yi wa yara Hausa.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, mutane suka kwararo Gadarif har makarantu suka zama ɗakunan kwana. A rumfar mai shayi ba a wata hira sai ta tafiya: wane ya samu iƙama, wato takardar zama ta dogon lokaci a wata ƙasa, wane an hana shi. Abdulganiyyu ya sanar da jama'a cewa shi ma zai tafi, amma ba irin tafiyar masu ƙunshi a ka ba. Zai zaɓi ƙasa ne a tsanake, yadda yake zaɓen riɗi.

Ya fara da Masar, ya ce ta cika da 'yan Sudan, kamar shi daga wata duniyar ya faɗo. Saudiyya kuma sai da kafil, mai gidan da zai tsaya maka, ya ce shi ba ya zama ƙarƙashin kowa. Babu dai wanda ya nemi ya ɗauke shi. Wadda ta fi kwanta masa ita ce iƙamar masu zuba jari a ƙasashen Khalij, na Larabawa masu arzikin mai. Ya yi ta yawo da waya yana nuna wa mutane hotunan dogayen benaye, har yana nuna hawan da zai zauna, sai da aka ce ya kawo shaidar dukiyarsa daga banki ya tuna cewa duk arzikin da yake tinƙaho da shi yana cikin buhunan wasu. Ya leƙa iƙamar ɗalibai, da furfurarsa, aka ce ya kawo takardar makaranta. Ya leƙa ta masu fansho, aka tambaye shi wa ke biyan dillali fansho.

Duk wannan bincike a shagon Mutaz ake yinsa, wani matashi mai kwamfuta a bakin kasuwa wanda yake cika wa mutane takardun neman biza. Da Mutaz ya gaji da shi, sai ya ce masa cikin wasa ai ya ji ana cewa masu asali a Najeriya sun fi samun sauƙi, me zai hana ya gwada can. Abdulganiyyu ya miƙe a fusace, ya ce ba a taɓa yi masa cin fuska irin wannan ba. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da azahar, lokacin da kasuwa ta yi tsit, ya ce wani abokinsa ne yake son ƙarin bayani.

Mutaz ya ce shi ma ji ya yi, bai tabbatar ba, amma ko ma yaya ne abokin zai buƙaci sunan garin kakansa da na wani ɗan'uwa a can. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya sanin wannan, Gwaggo Ummuhani, ƙanwar ubansa a Hawata, wadda rabonsa da ita tun zaman makokin Ɗantsoho.

Ya tafi da sukari da ganyen shayi. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake, ya durƙusa ya zuba mata gaisuwar Larabci mai tsawo. Tsohuwar nan da Larabci take cinikinta a kasuwar Hawata tun kafin a haife shi, amma sai ta juya wajen maƙwabciyarta.

"Wannan baƙon me yake cewa?"

Dole ya lalubo Hausar da ya binne, ta fito masa a karkace. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce tsufa ya taɓa mata tunani, sai ya dakata abin ya dawo mata. Kafin ya dawo, ga darninta ya faɗi, ga randa babu ruwa. Wad Ash-Shaikh ya tuɓe rawani ya kafa darni, ya yi ta kai da komo bakin kogi da jarka, yara na bin sa a baya. Ranar da zai koma ta kira shi.

"Na tuna, ɗan nan. Garin yana wajen Haɗeja ne, ko kuwa Katagum. Akwai tsamiya a ƙofar gidan."

Da wannan ya dawo Gadarif ya sauya doka: daga yau Hausa zalla a gidansa. Ummusalama ta ce to, Abu Raihana, wato baban Raihana, ba ta ko ɗago kai daga kaskon da take gasa kisira, burodin dawa, ba. A ranar ya gane cewa 'ya'yansa duka suna jin Hausa tsaf, domin da ya fita kasuwa ake buɗe ta a gidan, shekara da shekaru. Raihana, babbar 'yarsa, ita ta koma gyara masa magana. Ya sayi hula wajen wani lebura, ya sa mai fenti ya mayar da Ɗantsoho a allon shago, amma fentin bai yi kauri ba, tsohon sunan yana leƙowa ta ƙasa.

Ya hau mota zuwa Bur Sudan, inda ofisoshin jakadanci da yawa suka koma bayan yaƙi. Ya sha layi a cikin zafin bakin teku, hular ta jiƙe da gumi. Jami'in ofishin Najeriya da ya gan shi mutum ne mai haƙuri. Ya saurari labarin tafiyar ƙafa da kogin Rahad da tsamiya bai katse shi ba. Sannan ya yi masa bayani cewa maganar asali hanya ce daban, mai tsawo, mai son shaidu, kuma abin da ke gabansa shi ne bizar aiki, ko kasuwanci, ko karatu, ko ziyara, kowacce da mai gayyata.

"Wa ka sani a can, Alhaji?"

"Kakana."

"Yana raye?"

"A Hawata aka binne shi."

Jami'in ya yi wa mamacin addu'a, ya ce idan ya samu mai gayyata ya dawo, ya kira na gaba.

A rumfar mai shayi Abdulganiyyu ya ce ya je ya duba da idonsa, sharuɗɗansu ba su yi masa ba. Babu wanda ya musa masa, domin mutane suna da abin yi: kakar riɗi ta buɗe yana can, manoman da suka saba kawo masa kaya sun koma wajen wani dillali, Kamal. Leburori yanzu daga nesa suke ɗaga masa murya da Hausa, kuma ba shi da damar kau da kai, ga hula a kansa. Larabawan kasuwa kuwa ba su sauya komai ba, sunan da suke kiran masu asalin Hausa, wanda dama suke kiransa da shi a bayan ido, shi ne kawai suka fara faɗa a gabansa.

Da lokacin yankan dawa ya zo, Gwaggo Ummuhani ta aiko cewa wani abu ya fara dawo mata. Ya je ya yanke mata gona, ya kai dami gida, ya dawo hannuwansa duk sun yi kanta, da labarin cewa kakan yana da ƙane mai suna Audu. Mutaz yana nan yana neman Audu a Haɗeja da Katagum, ya ce ya samu da yawa, Abdulganiyyu kuma yana zaune kusa da shi yana duba hotunansu ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga mai irin hancinsu.