Yaya Nomau da Tagar Masar

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar wana, Nomau. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, kuma na san a cikin masu karanta wannan jarida babu mai tuna sunansa, sai fa tsofaffin da suka ci kasuwar Maigatari a zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Su kam in aka ce musu Nomau Mai Taga, za su yi murmushi. Manomi ne mai ido ɗaya, agana ta tafi da na hagun tun muna yara. Iyakarsa a duniya Gumel ta kudu, Maigatari ta arewa, ƙauyenmu a tsakani. Amma ni da na yi ƙuruciyata a kan hanya, ban taɓa ganin mutumin da ransa ke son tafiya kamarsa ba.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Da Baba ya rasu, gandu ya faɗo a kansa. Samarin yanzu da ke rataya jaka su nufi Kano ba za su gane nauyin gandu ba. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ga Inna, ga ƙannenmu mata, ga matar baffanmu da marayunta, ga harajin kowa. Babban wa uba ne, in ya ɗaga ƙafa gida ya zauna da yunwa.

Wata kaka ayarin masu tafiya Makka a ƙasa ya yada zango a Gumel. Dukanmu muka ɗaga kai, amma gida ba ya sakin mutum biyu. Muna tsaye a gindin rumbu ya ce mini, "Iro, kai ka fara. Damina biyu ka dawo ka karɓi hauya, ni ma in je in ga inda rana ke fitowa." Na ce, "Yaya, in Allah ya yarda ba zan wuce haka ba." Ya ce, "Kai dai buɗe idanunka duka biyun, ka gano mini hanya."

Tafiyar ƙasa ba ta san damina biyu ba. Guzuri yakan ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙwadago, ya sake tashi. A Barno na koyi Barbarci, a hannun sojan Faransa na tsinci Faransanci ina yi musu dako, Larabci kuwa gonakin Sudan suka cusa mini shi. Na yi hajji, na leƙa Masar, na juyo. Da na iso gida, 'yarsa Hajo da na bari a goye, ita ta ɗauko mini ruwan sha.

Tsarabar da na kawo masa a kantin wani Kwara, ɗan kasuwa mutumin Sham, na saye ta a Kartum. Wani ɗan abu ne na katako da ake karawa a fuska, da gilashi biyu a jiki, da sanda a gaba inda ake saƙala kati. Kowane kati hoto biyu ne a jere, kamar tagwaye. In ka dube shi a hannu, takarda ce kawai. In ka leƙa ta gilashin kuwa, sai biyun su haɗe, bango ya ja da baya, hanya ta yi zurfi, na kusa ya taso maka kamar ka taɓa shi. Akwai na dalar Fir'auna, da na jirgin ruwa a teku, da na wani Bature da jaki ya kayar, hularsa a sama shi a ƙasa. Akwai na raƙumi da ya miƙo wuya. Akwai wanda aka ɗauka daga saman hasumiya ana kallon ƙasa, shi ne mai sa mutum ya dafe ƙasa.

Na ga yadda mutane ke kallon irin wannan abu a ƙasashe da dama. A Masar akwai babba da suke kira akwatin duniya, yara ke rububinsa suna ihu. Faransawa a ɗaki suke ajiye nasu, su leƙa shiru kamar masu duba magani. Mutanenmu ne kaɗai na ga suna yi wa na cikin hoto sallama. Ranar farko Goggo Delu, matar baffanmu, ta leƙa raƙumin nan, ta kauce har ɗankwali ya faɗi, tana cewa, "A'uzubillahi! Ku janye shi, tofa mini zai yi!" Liman ya zo don ya yanke hukunci a kan halaccin kallon. Ya leƙa, ya daɗe, ya yi gyaran murya, ya ce ba a yanke hukunci da shaida ɗaya, a saƙala masa na gaba.

Yaya Nomau shi ma ya leƙa. Ya daɗe ƙwarai, ya sauya kati, ya sake sauyawa. Sannan ya ce, "Madalla, Iro. Allah ya yi albarka." Ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma gefe yana kallon masu kallo. Na ɗauka dattako ne irin na manya. Shi ya raɗa wa abin suna Tagar Masar, kuma kafin wata ya zagayo ya zama nasa na gaske. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buzu a gindin tsamiya kusa da masu shanu, Fulani da Buzaye da mutanen Damagaram su yi masa zobe. Ba ya karɓar komai sai goro. Yakan ce, "Zauna tukuna, baba, wancan makon wani ya leƙa a tsaye, sai da muka tare shi." In za a saƙala na hasumiya sai ya ce, "Malam, riƙe hularka, za ka hau sama." Wani Bafillace ya yi wa mutanen wata kasuwar Masar sallama, ba su amsa ba, ya ajiye tagar cikin fushi. Yaya ya ce, "Yi haƙuri, Ardo, 'yan birni ne, ko na Gumel haka suke."

Ya fi ni iya ba da labarin wuraren da ni na taka da ƙafata. Bayan la'asar yakan tsare ni da tambaya: me ke bayan wannan bango, teku wane irin wari gare shi, daga nan zuwa can tafiyar kwana ce ko ta wuni. Ba don kasuwa kaɗai yake tambaya ba. Hanya yake haddacewa.

Na karɓi hauya kamar yadda muka yi alkawari. Sai damina ta ƙi, aka shiga shekarar yunwar nan da tsofaffi ba sa son ambato. Wa zai tafi ya bar mata suna tonon gidan tururuwa? Ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo da yaƙin Turawa, aka ji akwai mai jin Faransanci da Larabci a ƙauyenmu, saƙo ya biyo ta hannun hakimi, aka tafi da ni tafinta. Ba wanda ya tambayi ra'ayina, balle nasa. Da aka sallame ni na tarar Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ba ta shan kunu sai daga hannunsa, kuma ta ce kada ya kuskura wani ya riga shi sa ta a kushewa. Ya zauna. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, to shi ruwan ma ba a bar masa mai faɗi ba. Duk ayarin da ya tashi daga Gumel yakan raka shi har ƙofar gari, ya tsaya sai ƙurarsu ta kwanta, ya juyo gida.

Bayan rasuwar Inna hanya ta buɗe. Ya sayi jaki, ya ba da ɗinkin salka, ya sa aka yi masa takalman fata har biyu. Ya kafa wa jakin turke a ƙofar zaure, yana ba shi dusa kamar ango. Jira kawai yake a yi girbi. Ana cikin zafin bazara sanƙarau ya shigo ƙauyenmu. Kafin wuyansa ya sandare ya kira ni, ya ce, "Iro, wannan karon ni zan fara. Kai ka riƙe gandu." Yana dariya ya faɗa. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wana ya dafa, ya sauke, bai kai baki ba. Tun daga ranar ni ma ban ƙara wuce Gumel ba, gandu ya riƙe ni kamar yadda ya riƙe shi.

Nakan ce ina ma ya ga yau. Bai daɗe da rasuwa ba jirgin ƙasa ya iso Gagarawa Tasha. In iska ta juyo, wasu sun ce har kukansa sukan ji. Alhazai yanzu ta sama suke tafiya, su dawo kafin gero ya fid da kai. Hotuna sun cika jarida ana ƙunshe ƙosai da su. Mai hoto ya kafa akwatinsa a kasuwa yana shiga baƙin zane. Motar majigi takan zo fili, raƙumi ya yi tafiya sosai a jikin farin ƙyalle. Ina jin da zai zauna a sahun gaba da yara, ya fi kowa dariya, in an tashi ya tsare mai motar ya ce, "Ɗan'uwa, daga nan ina kuka nufa, akwai wurin mutum ɗaya?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana kuwa, wani abu ne da ban sani ba sai da tsufa ya koya mini. Bara ciwon yanar ido ya rufe mini idon dama. Hajo ta zo ganin gida, ita ma yanzu da furfurarta, ta ce, "Baffa, tagar Baba tana nan kuwa?" Na sa aka ɗauko, na saƙala raƙumi, na leƙa. Babu komai. Hoto ne ɗan ƙarami a shafe, kamar yadda yake a hannu. Na goge gilashin da hannun riga, na sa na hasumiya. Babu sama, babu ƙasa. Na ce mata abin ya lalace. Ta karɓa ta leƙa, sai ga ta ta kauce tana dariya kamar Goggo Delu. Na ce, "Hajo, rufe ido ɗaya ki sake dubawa." Ta rufe. Can ta ce, "Baffa, raƙumin ya koma ciki."

Ashe tagar nan sai da ido biyu take buɗewa. Hajo ta ajiye ta a cinya, ta ce, "Shi ya sa. Ina yarinya yakan zaunar da ni in leƙa, yana tambaya, 'Hajo, me ke kusa? Me ke can nesa? Ina ne ramin?' Ni na ɗauka wasa yake yi mini."

Rashin sani ya fi dare duhu. Shi kuwa ya sani tun ranar farko, da ya ga Goggo ta kauce wa abin da shi bai ga dalilin kauce masa ba. Bai faɗa ba, domin tsarabar ƙanensa ce, kuma ita kaɗai ce duniyar da ta zo ta same shi har gida. Zurfin da bai gani a kati ba, a jikin mutane ya koye shi: inda suke ja da baya, inda suke miƙa hannu, inda suke dafe ƙasa. An hana shi hanya, an hana shi tagar, amma rabin kasuwar Maigatari da bakinsa suka je Masar.

Me ya rage nasa? Gandun an raba, rumbun ya rushe, takalman gara ta ci. Katunan sun yi ja, gefensu ya lauye. Ana cewa mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Wana bai jira ya ga makaho ba. Allah ya jiƙansa, ya buɗe masa abin da ya fi wanda ya rasa faɗi.

Ni yanzu ƙafa ta ƙi, iyakata zauren da ya kafa turke a ƙofarsa. Ranar kasuwa nakan sa a shimfiɗa mini buzu, in ajiye tagar a gefe. Masu wucewa kaɗan ne ke tsayawa, majigi ya lalata su. Amma in wani ya tsaya, nakan saƙala masa na hasumiya, in koma gefe in zuba wa fuskarsa idon da ya rage mini, in ce, "Malam, riƙe hularka."