Abin da Guntu ya ji a bakin fili

Aminina Guntu ya shekara talatin yana kula da dawakin sukuwa, kafin Allah ya karɓi abinsa makon jiya. Sunansa ma da ƙyar yake rubutawa, amma in doki ya wuce shi a guje, daga numfashi yake gane lafiyarsa.

Wani baƙin doki ya fara sarewa a tsakiyar tsere, maigidan Guntu ya kira likitan dabbobi. Likita ya ɗebi jini, ya tattaɓa ƙafafu, duk dokin yana tsaye a barga yana cin ciyawa. Ya ce ƙiwuya ce kawai, a ƙara masa bulala.

Guntu ya ce, "Ranka ya daɗe, a tsaye ba za ka ji komai ba. Zo bakin fili. In ya ɗauki gudu maƙogwaronsa fito yake yi, iska ba ta isarsa."

Likita ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya dubi taɓon fili, ya ce, "Baba, riƙe tsintsiyarka."

Maigida, wanda ko sirdi bai iya ɗaurawa ba, ya fashe da dariya. Guntu ya ƙi miƙa wa mahayi bulalar, aka sallame shi a ranar.

Bayan wata huɗu wani likitan ya zura na'ura ta hancin dokin, aka yi gudu da shi, ya ga gefe ɗaya na maƙogwaron ba ya buɗewa. Cikinsu ba wanda ya nemi Guntu. Ni na kai masa labarin yana kwance ba lafiya.

Ya ce, "To, sun daina dukansa?"

Na ce sun daina. Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana.