Sunan da Sufeto Ya Soke

Har yau ban manta da ranar da sufeton ilimi ya zo daga Sakkwato duba aikinmu ba. Lokacin Yauri tana cikin jihar Sakkwato, ni kuma ina malamin zane, mataki na bakwai, a wata sakandare a Yelwa.

An aiko cewa kowace makaranta ta kai aikin hannu wurin baje koli na jiha. Muka shirya yin tsuntsaye da tsirran bakin ruwa da takarda. Buhun siminti muke jiƙawa, mu liƙa shi da sitatin rogo a jikin waya, in ya bushe mu shafa launi.

Ni abin da ke littafi kawai na sani. Wanda ya san abin da idonsa shi ne Baba Bawa, mai kula da lambun makaranta, Bagunge ne, cikin mutanen da aka taso daga tsibirinsu da ruwan madatsar Kainji ya cinye. Shi ya nuna mana yadda zalɓe ke lanƙwasa wuya, da yadda furen bado ke buɗewa. Gaurakar da kowa ya fi yabawa ma shi ya gina ta, mako uku, kullum bayan ya gama ban ruwa.

Ƙa'ida ita ce sai sufeto ya sa hannu a takardar bayani kafin kaya su tafi. Ya zagaya, ya yaba, har ya kai kan sunayen waɗanda suka yi aikin. Ya tambaya wane ne Bawa, aji nawa yake. Na ce ma'aikacinmu ne, ga shi nan tsaye.

Ko dubansa bai yi ba. Ya zaro biro ya soke sunan.

"Malam, manya ne za su karanta wannan. Ba a sa sunan lebura."

Na ce to a soke nawa ma, don ban fi shi aiki ba. Firinsifal ya harare ni, na ƙi yin shiru. Baba Bawa ya ce, "Bari kawai, Malam," ya ɗauki bokitinsa ya fita. Fitar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Bayan kwana biyu aka ba ni takardar tuhuma kan rashin ladabi. A amsata na rubuta cikakken sunan Baba Bawa da duk abin da ya yi, don ya shiga fayil ko ta wannan hanya. Kaya suka tafi, firinsifal ya karɓo takardar yabo. Baba Bawa bai ƙara leƙa ɗakin zane ba har ya bar aiki.

Ku da kuke fara koyarwa, a aikin nan sau da yawa mai ƙaramin mataki ya fi ku sani. Ku tambaye shi, kuma ku rubuta sunansa kafin naku.