Zabibin da Yaya Ta Kawo Min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Ku yafe ni. Numfashi ne ya so ya gagare ni.

Tun ƙuruciya ina da asma, amma ta daɗe ba ta tashi ba. Ko ƙaiƙayin shinkafa, in na je gida Auyo, ba ya taɓa ni.

Sai yayata Hajara ta dawo daga Umra. Cikin tsarabata har da zabibi leda guda, ruwan ɗorawa mai sheƙi. Na ajiye shi don buɗa-bakin azumin Litinin da Alhamis.

Litinin ɗin farko, ina gama ci ƙirjina ya ɗaure. Tari, ga wani ƙugi a maƙoshi. Na ce sanyi ne kawai.

Alhamis ma haka. Abin da na yi, har yau ina jin nauyinsa: ƙara yawan zabibin na yi. A raina, abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ai waraka ce.

Mako na uku, na kasa ƙarasa Fatiha a sallar magariba. Maigidana ya sa ni a adaidaita sahu, sai asibiti. Oksijin, allurai, hoton ƙirji. Kwana biyar. Ina jin Yaya tana cewa, "Binta, yi salati." Ni kuwa ba iskar da zan yi salatin da ita.

Likitan da ya duba ni ya ce, "Mama, me ya sa kullum Litinin da Alhamis?" Na ce masa ranakun nake azumi, ina buɗa baki da zabibi. Ya sa aka kawo ledar, ya karanta bayanta.

"Akwai salfait. Sinadari ne da ake sa wa busassun 'ya'yan itace kada su lalace ko su dushe. Yawancin mutane ba ya cutar da su. Wasu masu asma kuwa, toshe musu numfashi yake yi."

Na ce, "Likita, daga Makka fa ya zo."

Ya ce, "A Makka aka saya, Mama. A kamfani aka yi."

Yaya ta fashe da kuka. "Ashe ajali na ƙullo miki a leda?" Na ce, "Alheri kika ƙullo, Yaya. Ni ce ban tambaya ba."

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Masu asma, don Allah ku duba bayan leda, ko ku ba wani ya karanta muku. Kada maganin shaƙarku ya yi nisa da ku. In abinci ya taɓa ku sau biyu, ku kai shi gaban likita, ko daga ina ya zo.

Jiya Alhamis na sha ruwa da dabino. Na ta da salla, Fatiha ta kai ƙarshe.