Akwatin da Ya Riƙe Ƙanena

Shekara tara ke nan ƙanena yana gadin akwati ɗaya. Ba na ƙarfe ba, ɗan farin akwatin nan da ke saman shafin intanet na wani kamfanin kayan gyaran mota, inda mai saye ke rubuta abin da yake nema. Shi ya haɗa shi, shi kaɗai ya san cikinsa. A ofis ma Mai Akwati suke ce masa.

Teburinsa na lungu, tsakanin firinta da tagar da ba ta buɗuwa. Duk sanda manaja ya so wani kaya ya fito a sama, sai ƙanena ya ƙara layi a manhajar. Layi kan layi, ba bayani ko ɗaya. Hutu kuwa bai taɓa cin kwana uku a jere ba. In na yi faɗa sai ya ce, "Yaya, in na matsa abin zubewa zai yi." Har da ɗan alfaharinsa, shi ke ba ni haushi.

Bara aka mayar da matarsa aiki wani gari, ta tafi da 'yarsu. Ya yi ta nema har ya samu gurbi a can, amma sai ya kai takardar sallama kafin Juma'a. A makon ne akwatin ya birkice: kowa ya nemi kaya, sai ya ce babu.

"Gyara, ka nuna wa sabuwar ma'aikaciya, in sa hannu," in ji manaja.

Ranar Laraba na kai masa abincin rana, na same shi ya yi zuru-zuru. Ina tsaye ya kwafi saƙon matsalar, ya cire lambobin ciki, ya nemi kalmomin daidai yadda suke, a dandalin da masu sana'arsu ke tambayar juna. Sakamako ɗaya tak ya fito. Shekara bakwai baya wani ya gamu da wannan matsala sak.

"Alhamdulillahi!" in ji shi.

Ya gangara ƙasan shafin. Amsa ɗaya ce, ita ma daga mai tambayar: "Ku bar shi, na gyara."

Shi ke nan. Ta yaya? Oho.

Raina ya ɓaci. "Wane irin marowaci ne wannan? Layi biyu zai kashe shi? Wallahi da zan gan shi sai na ja masa kunne!"

Ƙanena ya sa yatsa a kan ɗan hoton da ke gefen tambayar. Wani saurayi ne mai kumatu, ba furfura ko ɗaya, yana murmushi a gaban wannan tagar da ba ta buɗuwa. Ƙanena ne.

Tausayinsa ya kama ni. Ya ture abincin gefe, ya jawo kujera jikin tebur.

"Yaya, ki kira maman yarinya. Ni ba zan iya gaya mata tafiyar ta fasu ba."