Inna Hapsatu da Ƙyallen Tace Ruwa

Da zarar ta idar da sallar asuba, Inna Hapsatu ta Kwandiko takan lallaɓa bakin randa, ta ɗaura farin ƙyalle, ta tace ruwan da gidan zai sha. Idanunta sun dushe, amma hannunta bai manta ba.

A shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kurkunu ya addabi ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta fito ta ƙafa da damina, ta kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Sai ƙungiyoyin ƙasashen waje suka haɗa hannu da hukuma, suka kawo ƙyallayen tace ruwa, suka nemi mai shiga gidaje ta koya wa mata amfani da su. Hapsatu, wadda cutar ta riga ta bar ta da ɗingishi, ta ce za ta yi saboda Allah.

Sai dai ƙyallen ya yi wa mata kyau fiye da kima. Wata rana ta tarar da maƙwabciyarta Zuliha tana tace kamu da shi, randa kuwa ga ta cike da ruwan tafki.

"Inna, wannan abu na Turawa albarka ne," in ji Zuliha. "Kamu lukwi kamar madara!"

"Sannu, gwanar koko," Hapsatu ta ce. "Ga mijinki Maikano kwance ƙafa a kumbure, ciyawa ta cinye gona. Wa zai noma geron da za ki tace baɗi?"

Ba ta ƙwace ba, ba ta kai ƙara ba. Ta koma gida ta yayyanka mayafanta, ta bi gida-gida tana ba mata matacin kamu, domin a bar wa randa nata. Waɗanda suka gani sun shaida cewa da mayafi ɗaya ta ƙare wannan damina, shi ne na salla, shi ne na unguwa.

Ke ce, Inna, kika zama gada tsakanin alherin da ya ƙetaro teku da bakin randarmu. Malamai sun karantar cewa shayar da ruwa na daga mafifitan sadaka. Ke kin shayar, kuma kin tsarkake.

Abin baƙin ciki, da cutar ta kau, baƙin suka koma, aka yi taro aka yabi manya, ba a ambace ta ba. Wannan bai dame ta ba. Abin da ke sa ta hawaye shi ne famfon tuƙa-tuƙa da haɗin gwiwar ya bar wa unguwa ya lalace, kowa yana jiran Turawa su dawo su gyara, mata kuwa sun koma tafki, ba tacewa.

Kwanan baya wata amarya ta tambaye ta, "Inna, wai mene ne kurkunu?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi da ba ki sani ba."

Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya shayar da ke daga Alkausara. Mu kuwa jama'a, amana ce aka bar mana. Mu tashi mu gyara famfon nan tun tana raye, kada tafki ya amsa wa amaryar nan tambayarta.